Keken hawa tudu da kuɗi kaɗan: na hannu ko sabo?

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe rabonka da keke, yanzu kana son wanda zai jure hanyoyin burji na bayan garin Bauchi, kuma kuɗinka ba su da yawa. Ka sayi na hannu mai lafiya, irin su Trek ko Giant, mai gangar jikin alminiyam, wanda shokazobarsa a gaba kaɗai take. Sabon nan mai arha mai sifirin gaba da baya kyan ido ne kawai: ga nauyi, kuma wani kaso na ƙarfin da ka sa a feda sifirin ɗin baya ne zai shanye shi.

Sharaɗin shi ne kada ka je saye kai kaɗai, tafi da mai gyaran keke. Ya duba wuraren walda, musamman ƙarƙashin sirdi da wuyan keke, domin alminiyam idan ya tsage gyaransa ba ya ƙarko. Ya juya ƙafafun ya ga ko sun lanƙwashe, ya gwada giya da birki. Ni na fi son ƙafa mai inci 26, don ita ake samun tayarta da tib ɗinta a wajen masu faci ba tare da wahala ba. Kuma kar ka zuba duk kuɗin a kan keken. Ka rage na sabuwar sarƙa, da famfo, da kayan faci, da hular kwano, saboda ƙaya a hanyar Gubi ba ta raga wa kowa. Makonnin farko ka tsaya kan shimfiɗaɗɗiyar hanya tukuna, har gwiwoyinka su saba.