Amsa kan kalmomin talauci, karayar arziki da lalacewar zama

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kina rubuta labari, kina neman kalmomin da ake faɗa idan mutum ya talauce ko aurensa ya lalace. Toh kalmomin suna da yawa, amma don Allah kar ki ɗauka duk ɗaya ne, kowace da nauyinta kuma da gaban wanda ake faɗinta.

Ki fara da talaka. Asali ba mara kuɗi ake nufi ba, wanda ba ya riƙe da sarauta ne, shi yasa ake cewa sarakuna da talakawa, kuma da wannan ma'anar su Malam Aminu Kano suka yi gwagwarmayar jam'iyyar NEPU tun daga 1950. Mai kuɗi ma talakan sarki ne. Fakiri da miskini kuma daga Larabci suka zo, suna cikin aya ta 60 a Suratut Tauba, kuma a Malikiyya miskini ya fi shiga matsi don ba shi da komai, fakiri yana da ɗan abu amma ba zai kai shi shekara ba. Fatara ta fi talauci zafi. Matsiyaci kuwa zagi ne wallahi, kar ki sa shi a bakin mai tausayi, ki barshi wa mai gori. Tsiya ɗin ma fuska biyu gareta, ana cewa tsiya ta kama shi, ana kuma cewa sun rabu tsiya-tsiya.

Ni harkar kasuwa nake yi, kuma abin da na lura shi ne ba a cika faɗin abin kai tsaye ba, sakayawa ake yi. Na ga mutumin da jarinsa ya karye, kullum sai ya buɗe shago da sassafe ya jera kwalaye babu komai a ciki don dai kanta ta cika ido, duk layin mun sani amma ba wanda ya taɓa cewa ya tsiyace, cewa muke kasuwa ce ta juya masa baya, ko karayar arziki ta same shi, don wanda ya karye ana sa ran zai miƙe. Idan kuma shi ya jawo wa kansa sai kiji ance ya cinye uwar kuɗi, bashi ya yi masa katutu. Mai neman na yau da kyar hannu baka hannu ƙwarya yake, ko ace mai ƙaramin ƙarfi ne, in kika tambaye shi da kansa zai ce miki Alhamdulillahi akwai rufin asiri. Kamfani durƙushewa yake, kamar masaƙun Kaduna. Gida ya zama kango, gari ya zama kufai.

Kalmomin lalacewar aure kuma mataki-mataki ne, nan ne nafi so ki kula. Zaman doya da manja ana tare amma ba jituwa. Zaman 'yan marina ya fi ciwo a gurina, ba faɗa ba hayaniya, kowa dai da inda ya sa gaba. Akwai zaman haƙuri, akwai wadda zata ce miki zaman 'ya'yana nake. Daga nan sai yaji, kuma ko shi ba a faɗa, mace zata shigo gidansu da goyo da 'yar leda ɗaya a hannu ido ya kumbura, maƙota su tambaya uwar tace ai ganin gida ta zo. In miji ya je biko an sasanta shikenan. In an yi saki ace igiya ɗaya ta tsinke saura biyu, sai idda ta cika miji bai mayar da ita ba sannan ake cewa aure ya mutu, ta shiga zawarci. Da yawa masu rubutu suna haɗa yaji da saki, alhali mai yaji matar aure ce har yanzu.

Abokai da 'yan uwa ba a ce musu haka. Su sai dai sun ɓata, suna gaba, ba sa ga maciji, in ta ƙare ace sun raba gari ko sun yi hannun riga. Dangantaka ta yi tsami kuma yaren labaran rediyo ne, tsohuwa a cikin gida ba zata faɗe shi ba, cewa zata yi zumunci ya lalace. In kin faɗo min waye ke magana a labarin naki da wanda yake faɗa wa, zan fi iya zaɓar miki wadda ta dace.