Me ya sa Kaka ke hana hawa dutse da tsakar rana?

Ƙanwata, kin ce Kaka tana hana ku hawa dutsen ƙauyenku a Rano da tsakar rana, wai lokacin mutanen ɓoye ne. Wannan magana ta girmi Kakar kanta. Kafin Musulunci ya kafu a Kano, Barbushe yana zaune kan Dutsen Dala, shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, abin bautar mutanen wurin, jama'a na kawo baƙaƙen bunsuraye da baƙaƙen kaji. Maguzawa sun daɗe suna yi wa iskoki yanka a gindin dutse ko tsamiya.

Aljanu dai gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su. Amma yi musu yanka shirka ne, kada ki kusance shi. Kaka kuwa ki bi maganarta. Ko babu aljani, kogunan dutse ba sa rasa maciji da kunama. In hawan ya kama, ki yi bismilla, kada ki tafi ke kaɗai.