Ajiye kwalbar nan tukuna

Wai ƙwayoyin sankarar huhun da ka gani suna yawo a cikin ruwan kwalbar matattu ne, ka zubar? Ajiye ta, yaro, ka ja baya.

Lafiyayyar ƙwayar huhu sai da madafa take rayuwa. Tana da wasu ƙugiyoyi, intagirin, da take riƙe shimfiɗar ƙarƙashinta da su. Ranar da ta saɓule, ita da kanta take kashe kanta. A 1994 aka raɗa wa abin suna anoikis, wato rashin gida da Girkanci. Ta sankarar huhu kuwa ko a jikinta. In ta ɓalle sai ta dunƙule da 'yan'uwanta curi-curi kamar ƙwan kwaɗo, ga sinadarin Bcl-2 da take tarawa ya toshe umarnin mutuwar. Da haka take bin jini ta yada zango a hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Irin tambayar nan taka ce wani yarona bai yi ba, har yau abin yana ci mini rai. Da dala muka sayo H69, wata ƙwayar sankarar huhu da ake reno a ɗakin gwaji, aka kawo ta cikin ƙanƙara har Kano. Wata uku ina renonta a zafin digiri 37. In aka ɗauke wuta tsakar dare, tun daga Gwammaja nake hawo babur in tada janareto, wani lokacin da kuɗin aljihuna nake sayen mai. Ranar wata Juma'a na ce ya canja mata ruwa, na tafi masallaci. Gogan ya saba da wata ƙwayar, A549, mai manne wa gindin kwalba, sai ya tsiyaye komai ya zuba sabon ruwa. H69 kuwa a yawo take girma! Na dawo na leƙa madubin ganin ƙwayoyi, wayam. Ya ce wai "Oga, na share dattin." Datti! Wayarsa a hannu yana latsawa. Yaran yanzu, tambaya ta zame muku abin kunya, ɓarna kuwa ko a kwalar rigarku.

Yadda ake juya ruwan a inji ƙwayoyin su kwanta, ba zan ɓata bakina ba. Ɗebi ɗigo guda ka haɗa da rinin nan, shuɗin tirifan. Wadda ta sha shuɗi ta mutu, wadda ta tsaya fes tana da rai. Ka ƙirga, ka kawo mini lissafin kafin La'asar.