Amsa ga mai tambayar Mostar: ka kwana a garin, kar ka yi je-ka-dawo

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce kana karatu a Hungary, kuna da hutun sati ɗaya kai da iyalinka, kana so ka san ko garin Mostar na ƙasar Bosniya ya kai a je, ko daga Sarajevo za ku je da safe ku dawo da yamma, da kuma maganar abinci da wajen sallah. To ni na je sau biyu, na farko je-ka-dawo ɗin nan na yi kuma har yau ina jin haushin abin, na biyu ne muka kwana uku ni da maiɗakina, shi ya sa nake gaya maka ka kwana ko da dare ɗaya ne.

Dalili shi ne tun daga wajen ƙarfe goma na safe motocin 'yan yawon buɗe ido daga Dubrovnik da Split na ƙasar Kuroshiya suke fara sauke mutane, kan tsohuwar gadar garin ta cika maƙil ko wajen tsayawa ba ka samu, kowa waya a sama, ga zafi don wallahi garin nan yana da zafi a watan Yuli da Agusta, yakan kai digiri 40, kar ka ce ai Turai ce. Amma da la'asar ta yi sanyi duk su watse, garin ya koma hannun masu shi. Mu bayan sallar asuba muka fito, babu kowa a kan gadar sai wani dattijo yana shara da maguna biyu, ruwan kogin Neretva a ƙasa kore shar kamar an zuba masa shuni, ana jin ƙararsa sosai tunda ba hayaniya. Mun fi rabin awa a tsaye ba wanda ya ce uffan.

Ita gadar, Stari Most suke ce mata wato tsohuwar gada, Sarkin Usmaniyya Sulaiman ne ya sa aka gina, wani almajirin Mimar Sinan, babban maginin Usmaniyya, mai suna Hayruddin ya gama ta a 1566. Ta yi shekara 427 a tsaye sai a yaƙin Bosniya sojojin Kurowat suka yi ta yi mata luguden wuta har ta faɗa ruwa ranar 9 ga Nuwamba 1993. Wadda za ka taka yanzu sake gina ta aka yi da irin dutsen yankin, aka buɗe a Yulin 2004. Ina gaya maka wannan ne don in ba ka san shi ba hoto kawai za ka ɗauka ka wuce. A gefen gadar akwai ɗan dutse an rubuta kar a manta da 93, kuma in ka ɗan shiga cikin gari za ka ga maƙabarta a inda da can lambun shaƙatawa ne, ka duba duwatsun kaburburan, 1993, 1993, 1993, yawanci samari 'yan shekara ashirin da wani abu. Nan ne maiɗakina ta fashe da kuka, muka tsaya muka yi musu addu'a. Har yanzu akwai gidajen da ramukan harsashi ke jikinsu, musamman ta wajen babban titin da ya raba ɓangarorin biyu, Musulmi da Kurowat, lokacin yaƙi. Don Allah kar ka ja mutanen garin da hirar yaƙi sai in su suka fara.

Abu ɗaya ka kula, dutsen gadar santsi gare shi ba kaɗan ba, ga ta da tudu, ku sa takalmi mai riƙe ƙasa, ku riƙa taka layukan da aka ɗaga a jiki. Za ka ga samari suna zagawa da hula suna karɓar kuɗi, in ya taru ɗayansu ya yi tsalle daga sama ya faɗa kogin, tsayin ya wuce mita 20 kuma ruwan sanyi ƙarara ko da rani, kallo kawai naka.

Sallah ba matsala ko kaɗan, ɓangaren gabas na Musulmi ne, za ka ji kiran sallah ta ko'ina. Masallacin Koski Mehmed Pasha yana bakin kogi, ana biyan kuɗi a hau hasumiyarsa, matakalar a matse take sosai amma daga sama ne ake ganin gadar gaba ɗayanta. Ni na fi yin sallah a masallacin Karađoz Bey, ya fi nutsuwa. 'Yan Hanafiyya ne, bayan sallama ba sa saurin tashi, tare ake yin tasbihi. Abinci kuwa ćevapi za ka yi ta ci, naman sa ne niƙaƙƙe a gasa a zuba cikin gurasa da albasa, sai burek da safe, wato fulawa ce a naɗe da nama a gasa. In ka tsallaka ɓangaren yamma ka riƙa tambaya kafin ka ci don can akwai naman alade.

Kewayen garin kuma in wuri ɗaya za ka iya zuwa to ka je Blagaj, kilomita 12 ne kacal. Zawiyyar 'yan ɗariƙa ce tun zamanin Usmaniyya, a gindin wani dutse mai tsayin gaske, kogin Buna yana fitowa daga cikin kogo daf da ginin. Ana cire takalmi, mata su rufe kai, kuma har yanzu ana zikiri a ciki. Shi ma da sassafe, in rana ta ɗaga masu gidajen abinci sun cika bakin ruwan. Počitelj tana kudu kamar kilomita 30, ƙauyen dutse ne a jikin tsauni da ganuwa da tsohon masallaci, hawa ne sosai, awa ɗaya ta ishe ku. Kravica ruwa ne mai zubowa daga sama, yana da kyau, amma da rani wajen wanka ne mutane duk a tuɓe, da iyali ni ban ba ka shawara ba sai dai in lokacin sanyi-sanyi za ku.

Daga Sarajevo ka hau jirgin ƙasa na safe, wajen awa biyu ne, ka nemi kusa da taga don hanyar ta bi ta Konjic da Jablanica tsakanin duwatsu da ruwa. Kuɗinsu marka ne, Yuro ɗaya kusan marka biyu, ka riƙe tsaba a aljihu don masu ƙananan shaguna da 'yan tasi da yawa ba sa karɓar kati. Bosniya ba ta cikin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya irin su Hungary, ni da katin zamana na Schengen da fasfo na shiga, ka duba naka da na madam kada wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Masauki ka nemi na cikin tsohon gari ta gabas wanda za ka iya takawa zuwa gadar a minti biyar, in ka sa ranar tafiya ka yi min magana in turo maka unguwar da muka sauka. Allah Ya kai ku lafiya.