Tambayi Gwaggo Malama: Yarinyar da Sanƙarau Ya Taɓa wa Kunne

TAMBAYA: Gwaggo, barka da aiki. Ina koyar da ajin reno a wata firamaren gwamnati, yara 46 ne a hannuna. Akwai 'yar shekara huɗu da rabi da ta yi sanƙarau bara da bazara. Ta tashi, amma ji ya tafi, sai an daka tsawa kusa da ita take waiwayowa. Yara har sun laƙaba mata "bebiya". Hedimasta ya ce in ba iyayenta shawara su nema mata makarantar kurame, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?
Malama daga Zariya

AMSA: 'Yata, rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya. Yarinyar da ta haura shekara uku tana ji, ta riga ta tara kalmomi a bakinta. Idan aka daina yi mata magana, kalmomin zubewa za su yi ɗaya bayan ɗaya, kamar gero a buhu mai huda. Zama cikin yara masu surutu riba ne gare ta yanzu.

Amma a fara da asibiti. Ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa nan a Kaduna, kusa da ku. A auna a san abin da ya rage, da kuma kunnen da ya fi ji. Tunda tana waiwayar tsawa, da alama da sauran abu, wataƙila na'urar ƙara ji ta taimaka. Kada iyayen su ce sai an kwana biyu.

A aji kuma, ki daina jera su sahu-sahu kowa na kallon ƙeyar wani. Shimfiɗa tabarma, su yi zobe, ita ta zauna kusa da ke. Ki tsaya inda hasken taga zai sauka a fuskarki, don leɓɓanki take karantawa. Kada ki yi bayani kina fuskantar allo, kada mayafi ya rufe miki baki, kada ki yi ihu, ihu murguɗe baki yake yi. Tsuguna, taɓa kafaɗarta, sai kun haɗa ido ki yi magana. In darasin kofi ne, kofin ya kasance a hannunki.

Sai maganar hannu. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun tuni, ki samu wani babba a cikinsu ya nuna miki alamar ruwa, abinci, fitsari, zo, zauna. Ki koya wa ajin gaba ɗaya cikin waƙa da tafi. Za ki sha mamaki, yaran za su riga ki ƙwarewa, kuma wanda ya iya hira da ita ba zai tsaya tsokanarta ba. Sunan nan kuwa ki kashe shi tun yau, ta hanyar kiran sunanta na yanka da bakinki kullum, da ba ta aikin raba alli.

Hedimasta ki je masa da ladabi. Dokar hana nuna wa masu nakasa wariya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su buɗe ƙofa ga irin waɗannan yara. Makarantar kurame ba laifi ba ce, in gwaji ya nuna can ya fi mata, iyaye su zaɓa da idonsu buɗe.

Ni ma na taɓa yin ajin da wani yaro ke zama can ƙurya, in kira shi sau uku shiru. Zango guda ina ce masa mai taurin kai, har dorina ya sha. Ranar da na sunkuya ɗaure masa takalmi na ga mugunya ta bushe a kunnensa, ƙuda na bi. Ki rubuto mini abin da likita ya ce.