Tambaya da Amsa: Sikwensa Ta Ƙi Jituwa da Sintisaiza

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan situdiyo a Ƙofar Ƙaura. Na sayo sikwensa (na'urar jera sautukan kiɗa mataki-mataki) ta analog mai layi biyu, maɓallai takwas-takwas, na jona ta da tsohuwar sintisaiza (na'urar kiɗa mai ƙirƙirar sauti da lantarki). Sautin ƙasa yana fita daidai, amma da na hau sama sai ya karkace. In na tsayar da ita kuma sai sauti ya maƙale, ya ƙi yin shiru. Ko ta lalace ne?
Mai karatu daga Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi saurin kai ta wajen mai gyara. Ita sikwensa ba ta fitar da sauti, wuta kawai take turawa ta waya biyu. Ramin CV shi ke faɗa wa sintisaiza tsayin sauti, ramin Gate kuma ya ce mata buga ko saki.

Tsarin CV iri biyu ne. Injinan kamfanonin Moog da Roland suna bin bolt ɗaya ga kowane oktaf (tazarar sauti takwas, daga do zuwa do na sama): 1, 2, 3, 4. Korg MS-20 ta 1978 da tsofaffin Yamaha CS kuwa ninkawa suke yi: 1, 2, 4, 8. Daga bolt 1 zuwa 2 duka biyun oktaf ɗaya za su hau, shi ya sa ƙasa ke yi maka daɗi. Daga 2 zuwa 3 kuwa, mai ninkawa ba za ta kai oktaf ba, a sauti na biyar za ta tsaya. Duba bayan sintisaizarka, in an rubuta Hz/V, wato tsarin ninkawa, sauya sikwensar zuwa wannan tsari. In sikwensarka Korg SQ-1 ce, zangon 8V ne na wannan tsari.

Maƙalewar daga Gate take. Wasu injina suna bugawa in wuta ta hau, wasu kuma, irin MS-20 da tsofaffin Moog, sai an ja layin ƙasa. In aka haɗa su a juye, shiru ya zama bugu, bugu ya zama shiru. Juya alkiblar Gate a saitin sikwensar, magana ta ƙare.

In kuwa sintisaizarka mai bolt ɗaya ga kowane oktaf ce, ka rage zangon maɓallan sikwensar zuwa bolt 1 ko 2. Tazarar maɓallin fiyano da na kusa da shi milibolt 83 ne kacal, a zangon bolt 5 kuwa murɗawa kaɗan za ta tsallake maka sauti biyu ko uku. Masu jin kansu suna raina saitin Chromatic, mai daidaita wuta da sautukan fiyano kai tsaye, mu dai muna ganin ya fi ɓata dare wajen laluben sauti.

Tambaya: Kiɗan da nake so uku-uku yake tafiya, irin na kalangu, amma matakan sikwensata takwas ne. Kuma da rana sautin yana zamewa.
Mai karatu daga Daura

Amsa: Kashe mataki biyu na ƙarshe da Active Step, wato saitin tsallake mataki, layi ya koma shida. In ka haɗe layukan biyu a jere, ka samu 12. Gwada kuma barin layin sama a takwas, na ƙasa a shida: sai bayan mataki 24 za su sake haɗuwa a farko.

Zamewar kuma zafi ne, musamman a Afrilu da Mayu. Kunna sintisaiza ta yi minti 20 kafin ka saita ta, ka nisanta ta da taga da bakin fanka. In kana jin gurnani lokacin janareto, sa wa sikwensar batir, ka cire ta daga soket.