Tambaya da Amsa: Koyar da Masu Gasa Jiki da Tausa Ilimin Ciwo

Wasiƙu uku muka ɗauka a wannan fitowa, dukansu daga jihar Kebbi, kuma dukansu a kan ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa da waɗanda suke sa hannu a jikin mai shi. An taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni likitar fisiyo ce, wato mai jinya ta hanyar gashi da tausa da motsa jiki, a wani asibiti a Birnin Kebbi, kuma matasa uku suna aiki a ƙarƙashina. Yawancin masu zuwa wurinmu manoman shinkafa ne daga wajejen Argungu da Suru, sai matan aure, masu fama da ciwon baya ko ƙugu na watanni. Na lura yarana suna yawan ce musu ƙashi ya goce ko jijiya ta hau kan jijiya, su yi musu gashi da tausa su sallame su, bayan mako biyu mutum ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Ina so in koya musu ilimin ciwo na zamani, amma ina tsoron majinyata su ɗauka muna cewa ƙarya suke yi ko raki ne da su. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu, Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan tsoro naki yana kan hanya, kuma daga kansa ya kamata ki fara. Kafin yaranki su koyi komai game da jijiya da lakar gadon baya, su tabbatar a ransu cewa duk wanda ya ce yana jin ciwo, to yana ji, ko hoto ya nuna wani abu ko bai nuna ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyar Nazarin Ciwo ta Duniya ma, da ta sabunta ma'anar ciwo a shekarar 2020, ta haɗa da cewa a girmama bayanin da mutum ya yi game da ciwonsa. Ma'aikacin da ya fito daga darasi yana ce wa majinyaci a kansa kawai abin yake, gara a ce bai halarci darasin ba.

Abin da ilimin ya zo da shi shi ne, jijiyoyin da suke fata da tsoka da gaɓoɓi saƙon haɗari suke aikawa ta cikin laka, ƙwaƙwalwa kuma ta auna saƙon da abin da ido ya gani, da abin da mutum ya taɓa fuskanta, da abin da aka gaya masa, sannan a ji ciwo gwargwadon haɗarin da ta hango. Wannan ya sa girman ciwo ba kullum yake daidai da girman rauni ba. A shekarar 1995 mujallar likitocin Birtaniya ta ba da labarin wani magini ɗan shekara 29 da ya dira a kan ƙusa mai tsawon santimita 15, ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama. Azabar da yake ciki ta kai sai da aka yi masa allurar kashe zafi mai ƙarfi kafin a zare ƙusar, amma da aka cire takalmin sai aka tarar ta bi ta tsakanin yatsu ne, ko ƙwarzane babu. Manomanki kuwa sun san kishiyar wannan, domin da wuya a rasa wanda lauje ya taɓa yanka ana tsakiyar girbi, bai ankara ba sai da ya ga jini a dami. Irin wannan misali nake so yaranki su tara daga bakin mutanen da kansu, saboda misalin da mutum ya kawo da bakinsa ba ya musa shi.

Ciwon da ya wuce wata uku shi ne babban aikinku. Yawancin raunin tsoka da jijiyoyin gaɓa yana warkewa cikin makonni zuwa ƴan watanni, amma a wasu mutane jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa sukan zauna cikin shirin ko-ta-kwana bayan naman ya haɗe, har sunkuyon da bai kai ya kawo ba ya tayar da zogi. Hausawa sun riga sun yi mana bayanin wannan da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Gudun gaskiya ne, bugun zuciyar ma gaskiya ne, sai dai abin da yake ƙasa tsumma ne. Rashin barci da damuwa suna ƙara wa wannan hali ƙarfi, saboda haka mutumin da ambaliya ta cinye masa fadama, ga bashin taki a wuyansa, ba za a raba ciwon bayansa da abin da yake hana shi runtsawa ba, kuma ma'aikacin da bai tambayi wannan ba bai gama duba shi ba.

Yanzu mu zo kan maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, wato ƙashi ya goce. Ki yi tunanin abin da wannan kalma take yi wa magidanci mai iyali goma. Zai koma gida yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ya daina sunkuyo, ya ɗaure ƙugu da ɗamara, ya kwanta, tsokokinsa su yi rauni, ranar da ya gwada aiki kuma ciwon ya tashi ya ce ai likita ya faɗa. Hoton asibiti ma yana iya yin irin wannan ɓarna idan ba a yi bayaninsa da kyau ba. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara hotunan gadon bayan mutane sama da 3,000 da ba su da ciwon komai, ya samu alamun zaizayar faifan da yake tsakanin ƙasusuwan baya a kashi 37 cikin ɗari na ƴan shekara 20, da kashi 96 cikin ɗari na ƴan shekara 80. Yawancin irin waɗannan alamu kamar furfura suke, suna zuwa da shekaru. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 game da ciwon ƙasan baya mai daɗewa, ta goyi bayan ilimantar da majinyaci, da motsa jiki, da tausa, amma ta ce kada a mayar da ɗamarar baya, da na'urar jan gadon baya, da magungunan kashe zafi dangin tiramadol abin yi na yau da kullum.

Kada yaranki su ɗauka cewa an ce su ajiye hannu ne. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa akwai wani abu mai kama da ƙofa a cikin laka, kuma saƙon taɓawa da murzawa yana iya rage saƙon haɗarin da yake wucewa zuwa sama. Duk uwar da ta murza goshin ɗanta bayan ya yi karo da bango tana cewa sannu, da wannan take aiki. Tausa da lanƙwasa gaɓa suna kawo sauƙi, galibi na ɗan lokaci, ta hanyar kwantar da jijiyoyi, ƙarar da ake ji in an ja gaɓa kuwa iska ce a cikin ruwan gaɓar, babu ƙashin da ya koma mazauninsa. To maimakon ma'aikaci ya ce ya mayar da ƙashi, sai ya ce: Baba, na duba bayanka da kyau, yana da ƙwari, na sassauta maka shi ne domin ka samu damar motsawa, tashi mu gwada sunkuyo tare. Na san akwai inda maganar gocewar ƙashi take kawo kuɗi, domin mutum zai riƙa dawowa a gyara masa, kuma ina ganin cin amana ne a riƙe bawan Allah da tsoro.

Game da yadda za ki koyar, ban yarda da bitar yini ɗaya ba, domin harshen da ya shekara yana faɗin abu ɗaya ba ya sauyawa da jawabin safe zuwa azahar. Ki zauna a gefe yayin da kowannensu yake ganin majinyaci, da izinin majinyacin, ki rubuta jimlolin da ya furta kamar yadda suka fito, daga baya ku zauna ku tambayi kanku abin da kowace jimla za ta haifar a zuciyar mai sauraro. Ku ware sa'a ɗaya a mako, wani ya zama manomi wani ya zama likita, a yi komai da Hausar da ake yi a kasuwar Argungu. Ki horar da su su yi shiru a mintunan farko su bar mutum ya kai aya, sannan su tambaye shi abin da yake zaton yana damunsa, da abin da yake tsoro, da aikin da ya fi so ya koma yi. Wata mace za ta ce daka ne, wata goyo, wani kuma hawa babur. A ƙarshen ganawa su tambaye shi: idan ka koma gida aka ce me likita ya ce, me za ka faɗa? Amsar da ya bayar ita ce sakamakon jarrabawar ma'aikacin. Na taɓa ganin matashi mai ƙwazo ya yi wa dattijo bayanin jijiyoyi na rabin sa'a, dattijon ya fita da fahimtar cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu, kuma wannan tambaya ɗaya ce ta tona kuskuren kafin ya bar asibiti.

Akwai sharaɗin da yake gaba da duk wannan. Ba a ce wa kowa bayansa lafiya lau sai an tantance shi. Ciwon baya tare da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko gumin dare, ko tari mai daɗewa, yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, wanda har yanzu muna ganinsa a ƙasar nan. Wanda ya faɗo daga bisa ko ya yi haɗarin mota, da wanda ya taɓa yin ciwon daji, da mai sikila, kowanne yana buƙatar likita ya bincika. Wanda kuwa fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa, ko tsakanin cinyoyinsa ya yi dindiris, ko ƙafafunsa suke ƙara mutuwa, a ranar za a tura shi babban asibiti.

Ba daga tushe za ki fara neman kalmomi ba. Masu bincike daga Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam sun wallafa aiki a 2021 kan tsara kayan bayanin ilimin ciwo domin masu jin Hausa da suke fama da ciwon gadon baya, kuma ya dace ki neme shi. Sai dai ki gaya wa yaranki gaskiya cewa bayani shi kaɗai tasirinsa a kan zafin ciwo kaɗan ne. Inda yake da ƙarfi shi ne rage tsoro, domin mutum ya yarda ya motsa, motsin da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan kuma shi yake mayar da manomi gona.

Tambaya: Malam, gidanmu a Aliero gidan ɗori ne kaka da kakanni, kuma yanzu ni nake taimaka wa mahaifina. Shin wannan ilimi ya shafe mu, ko na ƴan asibiti ne kawai? Daga wani mai karatu, Aliero.

Amsa: Ya shafe ku ƙwarai, ɗan'uwa, domin sunan da garinku ya yi a ɗori yana sa maganarku ta fi ta likita nauyi a kunnen mutane da yawa. Abin da zan roƙe ka shi ne ka rarrabe karaya da targaɗe na kwanan nan daga ciwon da ya yi watanni ba tare da faɗuwa ko bugu ba. Na biyun ba ya buƙatar karare da ɗauri, kuma idan aka ce wa mai shi akwai tsohuwar gocewa, an ɗora masa tsoron da zai daɗe yana ɗauke da shi. A karaya ma, bayan ƙashi ya kama, ku ƙarfafa wa mutum gwiwa ya fara motsa gaɓar, kada ya bar ta ta sandare. Idan kuma bayan ɗauri ciwo yana ta ƙaruwa, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka sauya launi, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti, domin wannan ciwo gargaɗi ne na gaske cewa jini ba ya isa, kuma jinkirin sa'o'i yana iya jawo asarar hannu ko ƙafa. Haka nan karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce tun daga farko.

Tambaya: Shekarata 52, ina sana'ar su a Yauri. An ɗauki hoton bayana an ce ya zaizaye, wani mai tausa ya hana ni ruku'u, yau wata bakwai a zaune nake salla. Zan iya komawa tsaye? Daga wani mai karatu, Yauri.

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Ba zan yanke hukunci a kan bayan da ban duba ba, saboda haka ka fara zuwa wurin likitan fisiyo ya tantance ka da alamun da na ambata a amsar farko. Idan babu ko ɗaya, zaizayar da hoto ya nuna a shekarunka abu ne da ake samu a yawancin tsaranka, har da waɗanda suke jan taru kullum ba su jin komai, kuma ita kaɗai ba dalilin haramta maka sunkuyo ba ce. Bayan wata bakwai jikinka ya manta wannan motsi, don haka ranar farko zai yi ƙorafi. Ka fara a wajen salla, ka dafa bango ko kujera ka sunkuya kaɗan sau biyar, safe da yamma, kana ƙarawa duk bayan kwana uku ko huɗu. Ɗan zafin da ya lafa kafin washegari ba alamar ɓarna ba ce, idan kuma ya wuce haka sai ka rage yawan ba tare da ka daina ba. Daga nan ka gwada raka'a biyu na nafila a tsaye, sauran a zaune kamar yadda shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya, har ka kai ga farilla.